Ƙwayar da ta fita daban a kan masara

Idan malka ta yi nisa, rumbu ya kusa kaiwa ƙasa, gero kuma bai isa yanka ba, masarar bayan gida ce ke riƙe da gidaje da yawa a Kaikai da sauran ƙauyukan Kusada da Kankiya. Ƙasar nan ta gero da dawa ce. Masara sai inda aka zuba mata toka da kashin awaki, ko kuma bakin fadama. Wani lokaci in aka ɓare ta za a gasa, sai a ga kai ɗaya ya fito da launi uku: yawancin ƙwayoyin farare, ga rawaya jefi-jefi, can kusa da gindi ga wasu baƙaƙe guda biyu. Yara kan yi rububinta. Manya kuwa sai su ce iri ya gauraye.

Gaskiya suka faɗa, amma yadda gaurayar ke faruwa abin lura ne. Kowane zare na gemun masara yana haɗe da ƙwaya guda. Bununin da ke saman kara yana zubar da gari, iska ta kwashe shi ta ƙetare darni, duk zaren da ya faɗa wa ya yi masa barbara. Ke nan kai ɗaya uwarsa ɗaya, amma ubanninsa na iya zama da yawa. Wannan rawayar ƙwaya da ke tsakiyar farare daga gonar maƙwabci ubanta ya zo. Ba wanda ke noman masara shi kaɗai, ko da katanga ya kewaye ta.

Kowace irin masara da aikinta. Fara ta fi karɓuwa wajen tuwo. Rawaya, wadda a kasuwa ake ce wa ja, ta fi daɗin gashi, kuma tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ta gugguru ƙwayoyinta ƙanana ne masu tauri. Akwai kuma mai zaƙi sosai da ake ci ɗanya-shakaf, wadda ƙwayarta ke yamutsewa in ta bushe saboda sukarinta bai koma gari ba. Ita wannan, da zarar garin bununin masarar tuwo ya taɓa ta, zaƙin ya ragu.

A Meziko aka fara noman masara shekaru kusan 9,000 da suka wuce, kuma har yau manoman can na riƙe da shuɗiya da baƙa da ja, kowane yanki da nasa. Mu kuwa al'amarinmu ya sauya daga 1975, lokacin da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya fara yaɗa farar masarar TZB ta cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da takin zamani. Daga baya cibiyar bincike ta Samaru ta yi ta fitar da jerin SAMMAZ, wasu masu saurin nuna, wasu masu jure wuta-wuta. Ba na kushe su. Sun ciyar da jama'a, kuma duk wanda damina ta taɓa yanke masa ya san darajar iri mai sauri. Damuwata ita ce ranar da kowace gona za ta zama iri ɗaya. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, domin yawancin gonakinsu jini ɗaya ne. Tsohon irin da ya yi shekara da shekaru a jigawarmu ya saba da zafinta da ƙarancin ruwanta, kuma daga irinsa ne masu bincike ke samo abin da suke gina sabo a kai.

Inda nake ganin muna sakaci shi ne wajen ajiya. An saba a zaɓi kai biyu ko uku mafiya girma a rataye su a madafa hayaƙi ya kore ƙwari. Hayaƙin dabara ce mai kyau, adadin ne ya yi kaɗan. Masarar da aka yi ta maimaitawa daga kai biyu takan raunana, karanta ya gajarce, goyonta ya ƙanƙance. Gara a tsinto daga tushe masu yawa, kuma daga tsakiyar gona. Mai son irinsa ya tsaya yadda yake, sai ya bar tazarar mako uku tsakanin shukarsa da ta maƙwabci, don kada bununinsu ya fito tare. Haɗaɗɗen irin kamfani kuwa ba na maimaitawa ba ne, amfaninsa raguwa yake yi a shekara ta biyu.

Don haka ina roƙon manoman Kaikai, a kakar bana a tambayi dattawa da tsofaffin mata wane tsohon iri ne ya rage a hannunsu. A raba shi gida uku ko huɗu, kowa ya ware masa kunya biyar a bayan gida damina mai zuwa.