Idan Jigon Jirgi Ya Karye, Laifin Wa?

Jirgin ruwa na tsere, irin wanda iska ke turawa ba inji ba, ransa a rataye yake jikin ƙananan abubuwa. Jigon da ke tsaye a tsakiyarsa, wanda ake ɗaura wa ƙyallen kama iska, yakan kai mita 15 ko 20, amma ba da ƙarfin kansa yake tsaye ba. Wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi ta gaba da baya da gefe biyu. Kowace waya ƙusa guda ce ke haɗa ta da jikin jirgi, ƙusar kuma wani ɗan siririn fil ne ke hana ta zamewa. Fil ya fita, ƙusa ta zame, waya ta saki, jigo ya faɗo. Tambayata ita ce: ranar da hakan ta faru a tsakiyar teku, ƙaddara ce ko sakaci?

Lokacin da nake karatu a kudancin Ingila na kan bi wani dattijon Bature cikin jirginsa, aikina jan igiya. Kafin mu bar gaɓa sai ya sa mu bi kowace waya da tsumma; in tsumman ya maƙale, to wani sili ya tsinke a ciki. Mu duba kowane fil, mu naɗe shi da salatif don kada igiya ta fizge shi. Shi ya koya mini lissafin da ke tsorata matuƙa: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa suke cewa lokacin rage ƙyalle shi ne lokacin da tunanin ya fara zo maka, ba lokacin da jirgi ya kwanta ba. A sassauta igiyar babban ƙyalle, a sauke wani sashe nasa a ɗaure, a canza na gaba da ƙarami. In kuwa wayar gefen da iska ke bugowa ta tsinke, nan take a juya jirgi domin nauyin ya koma kan ta ɗaya gefen, sannan a ɗauko igiyar ɗaga ƙyalle a ɗaure a madadinta.

Da na ba wani malami abokina wannan labari, murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, in ajali ya yi kira, salatif ɗinka ba zai hana ba." Na ce, "Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam. Amma wa ya gaya wa matuƙi cewa yau ce ranar?"

Nan ne nake ganin muke yawan tuntuɓe. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai a ɓoye take ga bawa har sai ta auku. Abin da ke bayyane gare shi tsatsar waya ce da rahoton yanayi. Wanda ya bar abin da aka nuna masa ya fake da abin da aka ɓoye masa, ya yi da'awar sanin gaibu ne ba tare da ya lura ba. Sayyadina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Matuƙin da ya rage ƙyalle, ko ya haƙura da gasar ya nufi tasha, a kan wannan turba yake.

Gasar Fastnet ta watan Agustan 1979 ta nuna wani ɓangaren. Jirage 303 suka tashi daga Cowes, za su zagaya wani dutse a kudu maso yammacin Ireland su dawo Plymouth, tafiyar kusan kilomita 1,100. Guguwa ta rutsa da su cikin dare, 'yan tsere 15 suka rasu. Jirage 24 mutanensu suka gudu suka bari, amma daga baya aka tsinci 19 a cikinsu suna yawo bisa ruwa, ba su nutse ba. Wasu daga cikin mamatan kuwa bayan sun koma kwale-kwalen roba na ceto ne suka halaka. Ba na zargin kowa; wanda bai ga igiyar ruwa ta kifar da jirgi cikin duhu ba, bai kamata ya yi wa na ciki hukunci ba. Darasin dai shi ne, ba kowane motsi ne riƙo da sababi ba. Wani motsin firgita ce kawai. Aikin tawakkali a irin wannan dare shi ne ya kwantar da zuciya har hankali ya iya bambance jirgin da ke nutsewa da wanda ke shan wuya kurum. Masu shirya gasar ma ba su ce "haka Allah ya so" sun rufe littafi ba. Bincike suka yi, suka tsaurara dokoki kan ƙyallayen guguwa da rediyo da ƙwarewar masu shiga.

To in jigon ya riga ya faɗi fa? Abu na farko, a ƙirga mutane. Na biyu, a duba ko karyayyen jigon da ke lilo a ruwa yana dukan cikin jirgi. In yana duka, sai a zare ƙusoshi ko a datse wayoyi a sallama shi ga teku, komai tsadarsa. Duk sanda na tuna wannan sai ƙissar Haliru da Annabi Musa a Suratul Kahfi ta faɗo mini, inda aka yi wa jirgin miskinai lahani domin ya tsira daga sarki mai ƙwace. Akwai asarar da ita ce ceton.

Ga kuma Yves Parlier, Bafaranshe, a gasar Vendée Globe ta 2000 zuwa 2001, wadda mutum ɗaya ke zagaya duniya ba shiga tasha ba taimakon kowa. Jigonsa ya karye a can kudancin tekun Indiya. Ya lallaɓa da guntun da ya rage har tsibirin Stewart na ƙasar New Zealand, ya jefa anga, ya haɗa gutsattsarin da gam, ya gasa haɗin da zafin ƙwayayen lantarki, ya tsai da jigon shi kaɗai. Abinci ya yi masa ƙaranci har ya koma cin ciyawar teku. Michel Desjoyeaux ya lashe gasar cikin kwana 93. Parlier ya iso na 13 bayan kwana 126. Bai ɓata ƙarfinsa wajen jayayya da abin da ya riga ya faru ba, bai kuma ɗauke shi a matsayin umarnin ya naɗe hannu ba.

Malam na da gaskiya a wuri guda da ba zan musa ba: akwai jiragen da aka duba komai nasu, teku ta cinye su duk da haka. Dubawa ba ta sayen lamuni. Amma hakan bai wanke mai sakaci ba, domin ba a kan ƙarfin guguwa za a tambaye shi ba, a kan amanar rayukan da ya ɗauka ne. Saboda haka amsata ita ce, karyewar jigo kullum ƙaddara ce, wani lokaci kuma har da sakaci, ɗaya ba ya kore ɗaya. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, faɗin "ƙaddara" haƙƙinsa ne, kuma ita za ta raba shi da cizon yatsa. Wanda ya ga silin waya ya tsinke ya ce a tafi, istigfari ya kamace shi, da neman gafarar waɗanda ya jefa cikin haɗari.