Hayaƙin da Ba Ya Tashi Sama

Wanda ya bi hanyar Madobi zuwa Kura da sassafe a watan Disamba zai ga wani abu da ido ya riga ya saba da shi. Hayaƙin wutar da aka cinna a gona tun daren jiya bai tafi ko'ina ba. Yana nan kwance a kan filayen noman rani, bai wuce tsayin bishiyar mangwaro ba. Amma a kunna irin wannan wuta da tsakar rana, hayaƙin zai yi sama, ya watse.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A hunturu sama ba gajimare, iska kuma a bushe take, don haka ƙasa kan saki zafinta da wuri bayan faɗuwar rana. Iskar da ke dab da ƙasa sai ta fi ta samanta sanyi da nauyi, ta kasa tashi. Ta sama ta zame mata kamar murfin tukunya, duk abin da aka zuba a ƙarƙashi sai ya kwana tare da mu. Murfin ba ya ɗagawa sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta ɗumama ƙasa.

Idan tari da mura suka yi yawa, mukan ce ai hazo ne, hazo kuwa ba wanda ya isa ya tare shi. Gaskiya ne. Ƙurar da ke rufe mana rana tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga nan, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari. Iskar da ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke kwaso shi. Manomin alkama ma ba ya fushi da hunturu, don in babu sanyi alkama ba ta yin ido.

Abin da ke damuna shi ne rabon da mu muke ƙarawa a kai, kuma a daidai lokacin da ƙirji ya fi rauni. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam da Madobi ba ta hutawa. Ana yanke shinkafar damina a Oktoba da Nuwamba, alkama kuma tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Tazarar ƙarama ce. Manomi yana kallon tulin karan shinkafa, kuɗin lebura ya yi tsada, ruwa ya kusa sauka a kanal, ashana kuwa tana aljihu. Ban ga laifinsa na yin sauri ba. Sai dai yawanci da yamma ake cinna wutar, bayan an tashi daga aiki, wato dai lokacin da murfin nan ke shirin rufuwa. Ga matan da ke turara shinkafa da itace da buntu, ga bola da leda da ake ƙonawa a bakin kwata, ga wutar jin ɗumi da wasu ke shiga da ita har cikin ɗaki su rufe ƙofa.

Ƙura mai kauri hanci kan tare wani sashe nata. Ta hayaƙi siririya ce ƙwarai, tana zarcewa can cikin huhu, har ta shiga jini. Jariri, da tsoho, da mai fuka, da almajirin da ke kwana a zaure, su ke fara biyan kuɗin. Busasshiyar iska mai ƙura kuma tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau ya fi bugawa tsakanin hunturu da bazara. Mutanen Kano ba su manta da annobar 1996 ba.

Karan da ake ƙonawa ma dukiya ne. Makiyaya da masu turken shanu suna neman sa a rani, in an shimfiɗa shi a garke ya sha fitsari da kashi ya zama taki, ƙasar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara kuwa tana matuƙar bukatarsa. Ƙungiyoyin manoma da ke tsara rabon ruwa a kowane sashe suna iya tsara wannan ma: a haɗa manomi da mai dabba tun kafin yanka. Wanda ƙonawar ta zame masa dole, ya bari karan ya bushe sosai, ya duba iska ba ta nufi gari ba, ya cinna da hantsi, ya tabbata wutar ta mutu kafin la'asar.