Masallacin Ajase da gardamar Kawu

Mai saukar da albasa daga wajenmu zuwa Kwatano ya san hanyar: daga Zagga a bi ta Tsamiya a tsallaka Segbana, a faɗa Kandi, a miƙe Paraku har bakin teku. Ba kowa ke ƙarasawa Porto-Novo ba, wadda Yarabawa ke kira Ajase, alhali ita ce babban birnin Benin, kuma ba ta da nisa da Kwatano. Tsohuwar tashar jiragen bayi ce tun ƙarni na 18. A unguwar da ke kewaye da babbar kasuwarta akwai tsofaffin benaye masu fentin ruwan ɗorawa, shuɗi da ja, duk iskar ruwa ta cinye musu fuska. A tsakiyarsu masallacin Juma'a yake, wanda aka soma ginawa wajen 1912, da hasumiya biyu a gaba da ado iri-iri. Wanda ya hango shi daga nesa zai rantse coci ne.

Ranar da muka je, kawuna kuwa rantsewar ya yi. Ya tsaya da butarsa a hannu ya ce, "Kai yaro, wannan ai tashabbuhi ne da Nasara." Na ce, "Kawu, ga ladan yana kira." Ya ce kiran bai canza ginin ba.

Ban raina maganarsa ba, don malamai sun yi gargaɗi a kan kwaikwayon wasu cikin abin da ya keɓanci addininsu. Sai dai ina tambaya: wane gini ne namu na asali? Masallacin Annabi (SAW) a Madina da tubalin ƙasa aka yi shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganye. Babu hasumiya, babu ƙubba. Mihrabin nan mai lanƙwasa da liman ke shiga sai a zamanin Walid ɗan Abdulmalik ya bayyana, lokacin da Umar ɗan Abdul'aziz ke gwamnan Madina. Ƙubbar da muke ɗora wa sababbin masallatanmu na bulo muna shafa mata kore, Rumawa sun riga mu iya ta. Ayasofiya ta Istanbul coci ce kafin 1453, kuma daga gare ta maginan Turkiyya suka ɗauki darasi. Ban taɓa jin Kawu ya ƙi salla ƙarƙashin ƙubba ba.

Waɗanda suka kawo wannan fasali Ajase, Aguda ake ce musu: bayin da suka 'yantu a Bahiya ta Birazil suka dawo gida, da 'ya'yansu. A can suka koyi gini, cocin Katolika suka ga ana ginawa, wasunsu su suka ɗauki duwatsun. Da Musulmin cikinsu suka tashi yi wa Allah ɗaki, sai suka ba shi mafi kyawun abin da hannunsu ya sani, suka juya shi alƙibla. Mai kwaikwayo yana da nasa ya bari don sha'awar na wani. Waɗannan an raba su da nasu da sarƙa, imanin ne kawai ya tsira. A Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salvador na Bahiya suka yi bore. Aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, aka kuma koro da dama zuwa wannan gaɓar. Kafin nan, a 1807, Hausawa ne suka shirya nasu boren a birnin, asiri ya tonu.

Nan ne maganar ta fi mini nauyi, kuma ba a kan fenti ba ce. Yaya Bahaushe ya je Bahiya? Da yawa an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, aka gangara da su kudu hannu zuwa hannu har bakin jirgi. Yankinmu mashigar fatake ce. A da, ayarin goron Gwanja a Illo yake ƙetare Kwara, kuma fataken wancan zamani ba jaki da kanwa kaɗai suke kora ba. Malaman jihadi sun hana bautar da Musulmi ɗa, amma an yi, an kuma ci kuɗin.

Kawu ya yi sallarsa a waje, bisa buhu, kusa da masu sayar da manja. Ni na shiga sahu, tsakanin wani dattijo Bayarabe da wani yaro mai turin kura.