Bara da Ubangidansa

Da an gama kaka a Malisa da ƙauyukan ƙasar Gwandu da Kalgo, sai samari su fara ɗaure kaya. Waɗansu su nufi Ikko ko Ibadan cin rani, waɗansu su gangara fadama aikin shinkafa. Tun watan Nuwamba na 2015, da aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, gonakin rani suka ƙaru, masu gona suka shiga neman hannuwa.

Tambaya ɗaya muke ji a bakin samarinmu: nawa ake biya? Ba mu ce ta banza ce ba, gama yunwa ba ta san haƙuri ba. Amma akwai wadda ta riga ta: wane irin mutum ne za ka yi wa aikin?

Kakanninmu sun san wannan. A wurinsu ƙwadago dabam, barantaka dabam. Ɗan ƙwadago in rana ta faɗi a sallame shi, magana ta ƙare. Bara kuwa zama yake yi. Ubangida ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, ya yanka masa gona. Shi kuma ya tsare dukiyar gidan kamar tasa. Ba mu ce babu zalunci a ciki ba, don akwai barorin da suka tsufa ba su da ko akuya. Amma mai hankali ba ya kai tabarmarsa zauren wani sai ya tambayi waɗanda suka zauna can kafin shi.

Yau saurayi ya karɓi babur a hannun wanda bai sani ba, a kan zai riƙa kawo kuɗi kowace yamma. Sa'ad da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, aka yi ta kama babura. Wanda bai tambaya tun farko wa zai ɗauki asara ba, da bashi ya komo gida.

Mu tuna da Yakubu a gidan Laban, cikin Littafin Farawa. Shekara 20 ya yi: 14 saboda 'ya'yan Laban mata, 6 saboda garke. Sau goma Laban ya sāke masa lada. Duk da haka Yakubu bai ci ragunan garken ba, dabbar da naman jeji ya kashe ma shi ya riƙa biya. Ashe rashin amanar ubangida ba ya ba bara izinin sata. Wanda ke rage taki a buhu, ko ya zuƙe man injin ban ruwa, yana cewa ai ba a biya shi daidai ba, ɓarawo ne, ko da maganarsa gaskiya ce.

Amma ya ku 'yan'uwa masu gona da masu kanti, kada ku yi murna da wannan. Sau da yawa mukan ji kuna kukan yaran yanzu ba su da amana. To, ku kun riƙe tasu? Shari'ar Musa ta hana a kwana da ladan matalauci. Mutum ya wuni cikin laka yana dashe, a ce masa ya dawo ran kasuwa, ran kasuwa a ce sai an sayar da shinkafa. Ran Lahadi kuwa mai gonar yana bencin gaba, yaronsa yana baya, suna raira waƙa ɗaya. Wa zai koya wa wannan yaro amana?

Ko ya halatta bara ya bar irin wannan ubangida? A ganinmu ya halatta, gama alkawari mai kai biyu ne. Sai dai ya fita da rana, ya yi sallama, ya miƙa kayan aiki a gaban dattawa, kada ya ɓace a tsakiyar girbi. A nan Yakubu ya yi kuskure, don gudu ya yi a ɓoye. Laban ya bi shi tafiyar kwana bakwai, ya cim masa a tudun Gileyad, da ƙyar aka rabu lafiya. A can suka tara duwatsu su zama shaida a tsakaninsu, suka ci abinci tare, da safe kowa ya kama hanyarsa.