Sakamakon Jarrabawa Ba Shi Ne Ma'aunin Hankali Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekarar da sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, a gidaje da yawa na Ƙonni da Malbaza da Illela za ka ji uba ya kira ɗansa daƙiƙi, wani ma ya cire shi daga makaranta. Wannan hukunci ne ba da ilimi ba, kuma za a tambaye mu a kansa.

Mu sani cewa ko gwajin auna basira da Turawa ke yi, Alfred Binet ya tsara shi ne a Faransa a shekarar 1905 domin a gane yaran da ke bukatar ƙarin taimako a aji. Shi kansa bai yarda cewa basirar yaro abu ce da ba ta ƙaruwa ba. Jarrabawa tana nuna abin da aka koya wa yaro, cikin harshen da aka tambaye shi, a ranar da aka tambaye shi. Sau nawa muka ga yaron da lissafi ya kayar da shi cikin Faransanci, amma a kasuwar Ƙonni yana juya sefa zuwa naira da ka, ba ya kuskure? Wani kuma ya haddace izu 60. Shin waɗannan marasa hankali ne?

A aya ta 78 ta Suratun Nahli, Allah Ya tunatar da mu cewa babu wanda aka haifa da sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, sai da ya durƙusa gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Baiwa daga Allah take, amma renonta amana ce a wuyan iyaye.

Likitoci sun tabbatar cewa yunwa a shekaru biyu na farko, da rashin sinadarin aidin wanda ke kawo maƙoƙo, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna dakushe fahimtar yaro. Ga shi kuwa Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu. To, uban da ya sayar da hatsinsa tun da kaka ya bar mai ciki da yunwa, ko ya ƙi kai mara lafiya asibiti, da wane baki zai zagi yaron idan ya faɗi?

Saboda haka mu ji tsoron Allah. Mu ciyar da su, mu sayi gishiri mai aidin, mu kwantar da su cikin gidan sauro, mu zauna mu ji karatunsu. Wanda ya faɗi a ƙarfafa masa gwiwa ya sake, ko a nema masa sana'ar da ta dace da baiwarsa. Mu kiyaye harshenmu, domin mugun baki na iyaye yana bin ɗa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.