TUWON GIRMA, KO DOLE MIYARSA TA ZAMA NAMA?

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Saboda wannan magana magidanta da yawa su kan ci bashin mahauci ran kasuwar Talata Mafara, don kada baƙo ya buɗe akushi ya tarar ba tsoka. To, bari mu duba, shin rashin nama a tukunya abin kunya ne?

A Ingila akwai waɗansu mutane da suka kafa ƙungiya a shekarar 1944, a ƙarƙashin wani mai suna Donald Watson. Ba su cin nama, ba su shan nono, ba su taɓa ƙwai, wai don tausayin dabba. Yau irinsu sun bazu cikin duniya, kullum suna neman abin da zai maye musu gurbin nama. Abin mamaki shi ne, abin da su ke biɗa da tsada, shi ne mu ke rainawa a nan Bakura da Maradun.

Masana abinci sun auna. Cikin kashi 100 na busasshen waken suya, wajen kashi 36 abin gina jiki ne. Gyaɗa tana da wajen 25, wakenmu na gida wajen 24, ɗanyen naman sa kuwa wajen 20. Gaskiya ne wake ya kan sha ruwa in an dafa, sai a ƙara yawan abin da za a ci. Sun kuma ce in aka gama hatsi da wake, kowanne ya kan cike giɓin ɗan'uwansa. Ashe shinkafar da a ke nomawa tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, in ta haɗu da wake, ta zama cikakken abinci. Ga ƙosai da alale, ga ƙuliƙuli a kwaɗon zogale, ga daddawar ɗorawa mai ba miya armashi, ga awara wadda asalinta daga ƙasar Sin ne.

Amma kada mu zarce gona da iri. Allah ya halatta mana nama, muna kuwa yanka layya kowace shekara. Wanda ya bar nama don lafiyarsa, ko don aljihunsa, ko don ransa bai so, bai yi laifi ba. Wanda ya ce haram ne ga kowa, shi ya yi kuskure. Akwai kuma wani sinadari da likitoci su ke kira B12, wanda ba a samunsa a wake ko gyaɗa, rashinsa kuwa ya kan jawo ƙarancin jini. Turawan nan ƙwayarsa su ke sha. Mu ko, ɗan nono, ko ƙwai, ko kifin madatsa ya ishe mu, musamman ga yara da masu juna biyu.

Yanzu ka auna magidanta biyu, ya kai mai karatu. Na farko ya ci bashi ya sayo nama, aka zuba wa baƙo da maigida, yara suka tashi da romo. Na biyu ya auno wake da kuɗin hannunsa, kowa ya ci ya ƙoshi, ya kwana ba mai binsa. Wanne ya fi sauke hakkin iyalinsa? Baƙo na kwana ɗaya ne, yara kuwa amana ce ta kullum. Satar shanu da ta dami ƙasar Zamfara ta rage dabbobi a hannun mutane, saboda haka wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Girman tuwo yana ga sakin fuskar mai bayarwa da halaccin abin da ya bayar. In da hali, a yanka a ci a gode wa Allah. In babu, a jiƙa wake ba tare da sunkuyar da kai ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.