Amanar Mai Ruwaito Labari

Tun daga shekarar 2007 'yan jarida da marubuta sukan hallara a birnin Perugia na ƙasar Italiya domin munazara a kan al'amuran duniya, kuma duk sa'ad da na ji labarin taron nan, sai zuciyata ta koma ƙasar Adar, inda aka kafa aikin raya ƙasar Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata suka yi ta jidar duwatsu a ka, suna jera su a gindin tudu don tare ruwan damina. Mas'alar da ke damuna ita ce, wa ya fi cancantar ruwaito wannan al'amari?

Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadi, sun binciki adalci da kiyayewar kowane marawaici, har su tuƙe ga wanda ya gani da idonsa. Bisa wannan mizani, tsohuwar da tafin hannunta ya yi kanta wajen jidar duwatsu a Keita, da manomin kwarin Majiya a Buza wanda ya ga an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don kare gero daga iska, su ne tushen isnadi, alhali kuwa da wuya a ji muryarsu a majalisu irin na Perugia.